Wai "hijira" ta zama ado a Bandung?

Ɗalibi a Bandung: Assalamu alaikum. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Shekarata biyu a nan Bandung ta ƙasar Indonesiya, kullum matasa na shagunan kofi har tsakar dare, zaman da suke kira nongkrong, wasu kuma kuɗin kofin ma bashin manhajar waya ne, pinjol. Amma wanda ka taɓa sai ya ce ya yi "hijira": an tsayar da gemu, an sa dogon hijabi, sai hotuna a Instagram. Bashin nan zai cinye su wallahi.

Malam na Zaure: Wa alaikumus salam. Ɗana, gyara kalmarka. Daga Makka zuwa Madina aka yi hijira. Wanda bai bar unguwarsu ba, wace hijira ya yi?

Maman Ilham: Allah gafarta Malam, ai hadisi ya ce mai hijira shi ne wanda ya ƙaurace wa abin da Allah Ya hana. Shi suke nufi. Hanan Attaki, mai wa'azin da ya kafa ƙungiyar matasa ta Pemuda Hijrah a Bandung a 2015, 'yan babur ya jawo masallaci. Laifi ne?

Malam na Zaure: To su ce tuba mana. Kalma tana da huruminta.

Ɗan Zawiyya: Tun 1926 Nahdlatul Ulama, babbar ƙungiyar Musulunci ta Indonesiya, take tarbiyyar yara a makarantun kwana, ba wanda ya yi shelar hijira. Waɗannan na yanzu maulidi ne ya tsone musu ido.

Abu Sumayya: An fara! Kai komai aka ɗauko sai ka sako maulidi. Wa ya ambace shi?

Ɗan Zawiyya: Shi Attakin naku ai ya shiga Nahdlatul Ulama a 2023. Gida ya dawo.

Abu Sumayya: Namu? Yaushe na ce namu ne? Janye maganarka.

Ɗalibi a Bandung: Jama'a, don Allah, ni fa maganar bashi na kawo.

Maman Ilham: Ƙanena, kai ka fara ce wa hijabin mutane hoto. 'Yata ma haka ta fara, yau ba ta wasa da salla.

Shugaban zaure: Ya isa. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda Malam ya yi gaskiya, "tuba" ce kalmar da ta dace, kuma tsofaffin makarantu sun fi wa'azin Instagram albarka. Na rufe.

Maman Ilham: Wane ne "kusan kowa", ranka ya daɗe? Mutum biyu ne.