Yaya ake furta sunan Cazemajou?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum malamai. Baturen sojan nan da aka sa wa tsohon barikin Damagaram sunansa, Cazemajou, yaya ake kiran sunan daidai? Wasu na cewa Cazemajo, wasu Kazamaju.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaɓa uku ce: Kaz-ma-ju. Masu cewa Cazemajo da ƙa'idar Hausa suke karantawa, suna ba harafin farko sautin "ci". A Faransanci c in ya zo kafin a, k ne. Wasalin e na tsakiya haɗiye shi ake yi, ou na ƙarshe kuwa u ne zalla. Ka ɗan ja muryar a kan "ju", kada ka danne farkon.

Ƴar Zango:
Malam ya gama magana, sai dai j ɗin. Irin namu ne na Nijar mai laushi, ba mai ƙarfin nan na Kano ba. Kuma mutanen kudancin Faransa sukan fito da e ɗin kaɗan, shi kuwa Cazemajou haifaffen birnin Marsai ne da ke can kudancin, don haka mai gaɓa huɗu bai yi ɓatan kai sosai ba.

Malamin Tarihi:
Haka ne, ƴar'uwa. Kyaftin ne, an kashe shi nan Damagaram ranar 5 ga Mayu 1898 tare da tafintansa Olive, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Kada a haɗa shi da yaƙin Tirmini tsakanin Faransawa da Damagaram, wannan sai Yulin 1899 aka gwabza, bayan mutuwar Cazemajou.