Surkulle da tofi: daga ina kalmomin suka fito?

Ɗan Zengo: Salamu alaikum. Malamai, mene ne asalin surkullen da maharba da wanzamai ke yi a nan Damagaram? Kalmomin na da ma'ana? Kuma ina bambancinsa da tofin malamai?

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunayen ma sun raba su. Laya daga Larabci take, "al-aya". Asiri daga "as-sirr". Tsibbu daga "ɗibb", wato magani. Amma boka da tsafi namu ne tun kafin zuwan Musulunci.

Tofi a fili yake: ka haɗa tafukanka, ka karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka tofa iska mai ɗan danshi, ba kaki ba, ka shafe kai da fuska da inda hannu ya kai, sau uku. Malamai sun sa sharaɗi uku: ya zama maganar Allah ko sunayensa, a fahimci ma'anarsa, a kuma ƙudurta cewa waraka ta Allah ce. Surkulle a sharaɗi na biyu yake faɗuwa.

Jikan Wanzami: Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara. Surkulle gadon sana'a ne. Maƙeri na da na wuta, masunci na da na ƙayar kifi in ta maƙale a wuya, gardi na da na maciji. Yawanci ana kiran abin da kirarinsa, a ambaci asalinsa, sannan a ba shi umarni. Ƙidaya ma da ƙa'ida: uku ta namiji, huɗu ta mace.

Abin da ya sa ba a gane shi, raɗa ake ba da shi daga baki zuwa kunne, ba a rubutawa. Larabcin da aka tsinta a bakin almajirai ya gauraya da tsohuwar Hausa, kowane magaji ya ɗan karkata harafi, har mai yin ma ya kasa fassarawa.

Uwar Marayu: Ɗana, abu ɗaya nake roƙo. In maciji ya sari mutum, ku yi tofin a kan hanyar likita. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauke shi, kada ya taka. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagar wanzami kuwa ƙara zubar da jinin take yi.