Daɓen jirginmu ya ƙi bushewa, ga damina a Tirinidad

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin gyaran jirgin ruwa mai filafilai, ku taimaka mana da shawara.

Ni da maigidana muna Chaguaramas a tsibirin Tirinidad, inda masu jirage ke fakewa daga guguwar Karibiyan tsakanin Yuni da Nuwamba. An ɗaga jirginmu an kafe shi kan ƙarafuna a wani filin gyara, mu kuma a cikinsa muke kwana, don kuɗin hayar gida ya fi ƙarfinmu.

Da aka ɓamɓare tsohon katakon tik na daɓen, sai aka tarar ruwa ya bi ramukan kusoshi ya shiga katakon balsa (wani itace marar nauyi) da ke cikin daɓen, tsakanin shimfiɗa biyu na faiba (robar da aka ƙarfafa da zaren gilashi). Kusa da gindin sandar filafilai ya ruɓe, da yatsa ma kana kwakule shi. Sauran wuraren jiƙewa kawai suka yi, amma sun ƙi bushewa, kuma gam ɗin ifoksi ba ya kama jiƙaƙƙen itace. Mun rufe da tamfol, mun sa fanka, shiru. Ruwan sama kusan kullum.

Zaman kuwa sai haƙuri: ƙurar faiba har cikin tukunya, ƙaiƙayi ba a magana, banɗakin jirgi ba ya amfani a tudu, sai ka sauka tsani da tsakar dare.

Mai gyaran ya ce a yanke balsan duka a sa soso mai tauri, amma ni ina ganin aljihunsa yake dubawa. Shin mu jira rani a Janairu ko zai bushe? Girki da numfashinmu a ciki suna ƙara laimar ne? Kuma akwai wanda ya taɓa kwana a jirgi ana shafa ifoksi a samansa bai cutu ba?