Kuɗin haƙo mai a tsakiyar teku: gaskiya ne ko kumburawa ake yi?

Sani: Ni fa wallahi ban yarda ba. Wai Egina, filin man nan da ke can cikin tekun Najeriya, ita kaɗai ta ci wajen dala biliyan 16? Kumbura kuɗin suke yi kawai, tunda a yarjejeniyar sai kamfani ya cire abin da ya kashe tukuna sannan a raba riba da gwamnati

Injiniya: Haba Malam Sani, ba rijiyar burtsatse ba ce fa. Zurfin ruwan wurin ya haura mita 1,400 kafin ma ka taɓa ƙasa ka fara huda. Hayar jirgin haƙan kaɗai takan kai dala dubu 400 a rana, ko yana aiki ko igiyar ruwa ta hana ko ƙarfe ya maƙale a rami an yi sati ana fama, kuɗin tafiya suke, kuma kana iya gamawa ka tarar babu mai a ciki

Hajiya: To jinkirin fa Injiniya? Tun 2003 aka gano Egina, sai ƙarshen 2018 mai ya fito

Injiniya: Hajiya ai sai 2013 aka yanke shawarar zuba kuɗin. Shi kansa jirgin da ke tace man ya adana a Koriya ta Kudu aka ƙera shi, aka jawo shi Legas aka ƙarasa haɗawa. Ni gara jinkirin nan da gaggawa. Ku tuna jirgin haƙan mai na Deepwater Horizon a 2010 can tekun Amurka, aikin ya riga ya wuce lokacin da aka tsara ana ta sauri, rijiya ta fashe mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana malala, kamfanin BP da ke gudanar da rijiyar ya yi asarar sama da dala biliyan 60. Allah Ya kiyaye

Sani: Amin. Haɗari kam akwai, ko a filin mai na Bonga da ke tekun Najeriya mai ya malala a 2011. Amma da sunan haɗarin nan ne fa aka yafe wa kamfanonin kuɗin rayalti, wato kason da ake biyan gwamnati kan man da aka haƙo, gaba ɗaya in zurfi ya wuce mita 1,000, shekara da shekaru, sai 2019 aka gyara dokar

Injiniya: Nan kam ka yi gaskiya, an makara sosai. Sai dai lokacin da aka tsara hakan mai ba shi da kuɗi, ba wanda zai shigo ba tare da rangwame ba

Hajiya: Ni abin da ke ci min rai, wa ke zama ya duba rasit ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kafin a cire kuɗin? In NNPC na dubawa to a fito da shi mu gani mana