Neman kalmar Hausa: yadda daji ke komawa bayan gobara

Mai Shirin Muhalli: Salamu alaikum 'yan'uwa. Gobe da safe zan shiga situdiyo, ga kalma ɗaya ta tsaya mini. Shirin a kan gandun dajin Yellowstone ne na Amurka, inda wutar 1988 ta cinye kusan kashi 36 cikin 100 na gandun. Masana irin su Monica Turner sun shafe shekara talatin da 'yan kai suna bin sawun wurin: ciyawa da furanni suka fara fitowa, sannan ƙananan bishiyoyi suka rufe su. Wannan jerin shi Bature ke kira "succession". Me zan ce wa mai sauraro?

Baban Hauwa: Wa alaikumus salam. Farfaɗowar daji. Ba sai an wahala ba.

Malamar Kimiyya: Farfaɗowa ta kama rabi ne, Baban Hauwa. Wanda ya suma ya farfaɗo, shi ne dai. A nan kuwa masu zama ne ke sauyawa. Maƙwaƙƙwafi yakan cika ƙonannen daji saboda ƙwarin da ke cin matattun itatuwa, bayan 'yan shekaru ya ragu, wasu tsuntsayen su shigo. Ni a aji "maye gurbi" nake cewa.

Alƙalami: Ku dubi tushe. Wani na gadon wani, ko ba haka ba? Daga yarda muka sami yarjejeniya, to daga gado sai mu sami GAJEJENIYA. Gajejeniyar tsirrai. Kalma ɗaya tak, ginin Hausa tsantsa.

Baban Hauwa: Malam, wanda ya ji wannan a rediyo zai ɗauka maganar gajiya ake yi.

Alƙalami: Haka aka ce da kowace sabuwar kalma ranar da aka haife ta. Mu ne kullum muke tsoron ƙirƙira, sai mu dinga jera kalmomi biyar inda wasu ke faɗin ɗaya. Shi ya sa ɗalibanmu suke ganin Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya.

Ɗan Damagaram: Kafin a je nan, wa ya ce "gobara"? Gobara ta gida ce da kasuwa. Mu nan wutar daji muke cewa, kuma mun san ta. Bayan damina ake share dogayen hanyoyi a yankin makiyaya don a tare ta kada ta cinye ciyawar dabbobi.

Alƙalami: Gobarar daji ce daidaitacciyar Hausa, ita ake ji a labarai.

Ɗan Damagaram: Daidaitacciya a wurin wa? Duk abin da bai fito daga Kano ba sai a ce karin harshe ne. Mu ma a cikinta aka haife mu.

Malamar Kimiyya: Ku yi haƙuri, duka biyun suna da gurbi, kuma gyaran Ɗan Damagaram ya shafi binciken kansa. Gobara asara ce zalla. A Yellowstone kuwa akwai bishiyar da ƙwanson irinta ke manne da ƙaro, ba ya buɗewa sai zafin wuta ya narkar da shi, iri ya zubo kan toka. Manyan dabbobin da suka mutu a 1988 'yan ɗaruruwa ne, akasari sun kauce. Amma da wutar 2016 ta sake bi ta kan ƙananan bishiyoyin da ba su tara iri sosai ba, tsiron da ya biyo baya ya yi ƙaranci ƙwarai. Wannan ta biyun ita zan kira gobara ba tare da shakka ba.

Manomi Ne Ni: Ban yi boko mai zurfi ba, amma abin da kuke faɗa mun san shi a saura. Ka bar gona ta huta, shekarar farko ƙarangiya da ciyawa, sai sabara da kalgo su toho daga kututture, in an daɗe sai manyan itatuwa su yi inuwa ciyawar ta ja baya. Bi-da-bi suke zuwa. Ka fara da wannan, duk manomi zai gane.

Mai Shirin Muhalli: Allah ya saka da alheri, Baba. Zan ce "farfaɗowar daji bi-da-bi", in buɗe da misalin saura. Wuta zan ce gaba ɗaya, gobara inda aka yi asara.

Malamar Kimiyya: Don rediyo ta yi. A littafin aji ba za ta isa ba, saboda ana samun wannan jerin ko a kan dutsen da bai taɓa zama daji ba, babu abin da zai farfaɗo.

Alƙalami: Kalma uku ke nan a gurbin ɗaya. Ban yarda ba, amma shirinka ne. Ko sau ɗaya ka ambaci gajejeniya mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Shirin Muhalli: In lokaci ya ragu, Malam. Minti goma sha biyar aka ba ni.