Me ya sa ake son sanin shekarunmu da awannin aikinmu kafin a sabunta lasisi?

Maman_Husna:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku ɗan warware min wani abu. Ni nas ce, shekarata 9 ina aiki, to kwanan nan ake ta maganar ƙudirin dokar da zai sa duk ma'aikacin lafiya sai ya cike fom kafin a sabunta masa lasisi, wai shekarunka nawa, a ina kake aiki, awa nawa kake yi a sati, wane yare kake ji, har da yaushe kake tunanin yin ritaya. Abin da ya ɗaure min kai, ai sunayenmu na nan a rajista tun da muka gama makaranta, me kuma ake nema? Kuma gaskiya ina tsoron a kwashi amsata a kai wa na gaba da ni a wajen aiki.

Abu_Safwan:
Wa'alaikumus salam Maman Husna. Rajista sunan mai lasisi kawai take nunawa, ba ta nuna wanda ke kula da majinyaci yau ba. A ciki akwai wanda ya bar ƙasa amma yana ta sabunta lasisinsa ko don wata rana, akwai wadda ta ajiye aiki tana rainon yara, akwai wanda ya koma koyarwa ko ofis, wani ma Allah ya yi masa rasuwa ba a cire sunan ba, to in gwamnati ta ɗauki wannan lissafin ta ce muna da nas kaza ai kin ga an yi gini a kan yashi. Batun awanni ma haka ne, mutum biyu masu yin rabin lokaci ai aikin mutum ɗaya suke yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ba da ma'auni, likita da nas da ungozoma aƙalla 4.45 ga duk mutum 1,000. Ta yaya ƙasa za ta san ta kai ko ba ta kai ba in ba ta san su waye ke aiki ba kuma a ina? Sai a ga lissafin ƙasa ya yi kyau alhali duk an cunkushe a birane, ƙauye kuwa nas ɗaya ce dare da rana. Shi ya sa wasu jihohin Amurka irin su Oregon da Indiana suka haɗa tambayoyin da sabunta lasisi, don a lokacin ne kowa dole ya zo.

Inna_Ungozoma:
'Yata, tambayar shekarun nan kar ki ƙi ta, ita ce ta fi damuna. A ɗakin haihuwar da nake mu huɗu muka fara aiki kusan lokaci ɗaya, kuma kusan tare za mu tafi, wallahi ba wanda ya lura sai da ta farko ta miƙa takardar ritaya sannan aka fara neman wa za a kawo. Ungozoma kuwa ba a yin ta a wata shida, sai ta yi shekaru a makaranta sannan ta zauna gefen manya hannunta ya faɗa. Rahoton da hukumar lafiyar ta fitar a 2020 ya ce nas miliyan 27.9 ne a duniya, ana da giɓin miliyan 5.9, kuma ɗaya cikin shida za su yi ritaya cikin shekara goma. Kusan tara cikin goma mata ne, kenan hutun haihuwa ma dole a sa shi a lissafi.

Dr_Sadiq:
Inna gaskiya kika faɗa, amma tsoron Maman Husna ma yana kan hanya, kar mu wuce shi. In dokar ba ta rubuta ƙarara cewa jimilla kawai za a fitar ba, ba suna, kuma mai asibiti ba shi da hurumin gani, to wa zai yarda ya rubuta cewa yana shirin barin aiki baɗi? Kowa zai rubuta abin da ba zai jawo masa matsala ba, a tara bayanan da ba gaskiya ba. Cire suna ma kaɗai bai isa ba, in a yanki guda mace ɗaya ce likitar tiyata mai shekara 50 ai kowa ya gane ta, don haka inda adadin ya yi ƙanƙanta sai a haɗe shi da wani yankin. Ni abin da zan duba a ƙudirin shi ne wa zai riƙe bayanan, wa aka ba izinin gani, kuma an wajabta fitar da rahoto ga jama'a ko a'a.

Maman_Husna:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. To masu taimaka mana a ɗakin majinyata fa da ba su da lasisi, su ta ina za a ƙirga su? Ba don su ba wallahi aikin dare ba zai yiwu ba.

Abu_Safwan:
Wannan fom ɗin ba zai kama su ba sam. Sai an haɗa da takardar biyan albashi da ƙidayar jama'a da rahoton da asibitoci ke bayarwa, har masu zaman kansu. In ƙungiyarku za ta kai ra'ayi lokacin sauraron jama'a a majalisa, dan Allah ku sa wannan a ciki.