Na samu gurbin digiri na uku kan motsin cikin ƙasa a Jamus, in tafi ko in riƙe aikin bohol?

Mai Guduma:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina auna ruwan ƙarƙashin ƙasa wa masu haƙa bohol tsakanin Bauchi da Gombe. Da wannan sana'a na yi aure, da ita nake riƙe da mahaifiyata. Yanzu wata jami'a a Jamus ta ba ni gurbin digiri na uku, kwantiragin shekara uku da albashi. Aikin na kwamfuta ne zalla, da manhajar ASPECT: kwaikwayon yadda mantil, wato dutse mai zafi da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, yake jan jiki a ƙasan layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru. Layin ya taso daga tsibiran Sao Tome da Bioko, ya bi ta Dutsen Kamaru, reshensa ya shigo har tsaunukan Biu. Har yau masana ba su haɗu a kan abin da ya haife shi ba, domin shekarun duwatsun ba su jeru daga tsoho zuwa sabo kamar na Hawaii ba. Abin na cin raina tun ina aji uku. Tambayata biyu ce. Wanda iliminsa na Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, bai wuce na zana jadawali ba, zai iya? Wanda kuma ya gama ya dawo gida, wane aiki ya samu?

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ka fara neman Yuro 11,208 na asusun da ake rufewa kafin a ba ka biza. In babu su, ka manta da maganar.

Uwar Biyu:
Ai wancan tsohon farashi ne. Tun watan Satumban 2024 ya koma 11,904, wato 992 a wata. Ɗaki kuma ƙanwata 350 take biya.

Ɗan Sabon Gari:
350 a ina? Ni 600 na biya, bandaki ma na haɗaka ne.

Mai Guduma:
Na gode, amma na ce albashi za a biya ni, takardar kwantiragin ce shaidar kuɗina.

Tsohon Ɗalibi:
Ƙanena, saurare ni da kyau. Ni ma haka na tafi da zumuɗi, na ajiye aikina, na sayar da filin da na gada. Wata hukuma ce ta ɗauki nauyina. Shekarar farko lafiya lau, ta biyu kuɗi suka tsaya wata bakwai. Da asuba nake tashi in jera kaya a wani shago, hannuwana sun tsage saboda sanyi, in wuce ofis in tarar aikin da na saka wa babbar kwamfuta kwana huɗu ya faɗi tun daren farko saboda kuskuren waƙafi ɗaya. Na taɓa zama a tashar jirgin ƙasa da burodi ɗaya a aljihu ina lissafin ko ya kai ni jibi. Ina can mahaifina ya rasu, ta waya na ji. Na gama na dawo, shekara biyu ina yawo da takardu. Duk inda na je sai a ce, wannan ilimin naka yana nemo mai ko ruwa? In na ce ina nazarin abin da ke zurfin kilomita 2,900 ne, inda mantil ya haɗu da ƙwayar ƙasa, wato tsakiyar duniya, sai a dube ni kamar na zautu. Yau darasi nake koyarwa a sakandare. Ka riƙe na'urarka ta awon ruwa.

Uwar Biyu:
Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Wallahi na ji zafin labarin nan.

Malamin Jami'a:
Amin. Amma Yaya, halinka daban, nasa daban, kai tallafi ne ya yanke, shi ma'aikaci zai zama. Mai Guduma, lissafi ya fi Python muhimmanci, in ka iya shi sauran wata shida ne. Kuma kar a ce ilimin ba shi da amfani a gida. A watan Agustan 1986 iskar da ta fito daga Tafkin Nyos na Kamaru ta kashe mutum sama da 1,700, a kan wannan layin da zai yi nazari. An ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, an ji a Mpape ta Abuja a 2018. Muna da cibiyar nazarin motsin ƙasa a Toro, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta NASRDA. Wa zai cike irin waɗannan wurare in kowa ya tsaya a bohol?

Tsohon Ɗalibi:
Dakta, kai da kujerarka a ajiye ka tafi, ka dawo ka tarar da ita. Wanda bai kwana da yunwa a ƙasar mutane ba bai kamata ya ba da wannan shawara ba.

Malamin Jami'a:
To wanda ya kwana da yunwar ne kaɗai zai yi magana? Ai sai kowa ya zauna a gida.

Ɗan Tasha:
Ni dai tambayata, in an tono can ƙasan za a tarar da Yajuju da Majuju? Mai Guduma ka gaishe su.

Malamin Jami'a:
Babu mai tonowa. Rami mafi zurfi da aka haƙa, na Kola a Rasha, mita 12,262 ne kawai. Da igiyoyin girgizar ƙasa ake gane cikin, da su ne ma masaniya Inge Lehmann ta gano ƙwayar ciki, can tsakiyar duniya, a 1936.

Injiniyan Ruwa:
Ku da kuke cewa ya riƙe bohol, kun san halin da sana'ar ke ciki kuwa? Makon jiya na ba wani Alhaji farashin awo, ya ce ya yi tsada. Ya ɗauko wani mai kwakwa a tafin hannu, yana zagaya fili, inda kwakwar ta miƙe nan aka kafa injin. Sun haƙa har suka gaji, ƙura kawai ke tashi daga dutse. Jiya ya kira ni, wai in zo in duba, kuma in rage masa tunda ya riga ya yi asara.

Ɗan Sabon Gari:
Mu a wajenmu ƙarafa biyu suke riƙewa. Masu injin ne ke kawo su, don ko an samu ruwa ko ba a samu ba, kuɗin mita nasu ya shiga.

Uwar Biyu:
Unguwarmu bohol tara ne a layi ɗaya, rijiyoyin gidaje duk sun ƙafe. Wa ke ba da izinin nan ne?

Mai Guduma:
Injiniya, ka je masa kuwa? Dakta, don Allah wane lissafin zan fara bita? Ranar Litinin suke jiran amsata.

Injiniyan Ruwa:
Zan je gobe, amma sai ya biya kafin in sauke na'ura daga mota.